Farcen Mai Hoto

Shekara talatin da ɗoriya Mai hoto ya yi a Gure, kuma har ya bar duniya bai daina mitar garin ba. Mutumin Togo ne, daga can kudu kusa da teku. Ya zo yana saurayi, ya biyo wani ɗan ƙasarsu da ke koyarwa a kwaleji. Wancan ya gama wa'adinsa ya koma gida, shi kuwa ya tsaya da akwatin hotonsa, ya kama ɗan shago a bakin titi kusa da tasha. Sunansa na yanka ya fi ƙarfin bakin mutanenmu, sai aka bi sana'arsa aka kira shi da ita.

Ni a lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kuma duk shekara sai na kora ƴan ajina zuwa shagonsa don hoton jarrabawa. Ranar farko da faɗa muka rabu. Yara sun fi arba'in a rana, shi kuma sai ya gyara wa kowanne wuyan riga, ya goge masa fuska da tsumma, ya ɗaga masa haɓa, ya ja baya ya ƙare masa kallo, sannan ya danna. Ni mutum ne mai saurin hawa, na ce masa hoton takarda muka zo yi, ba na aure ba. Bai ko dube ni ba ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan, ya ce, "Mushe, wani cikinsu wannan ne kaɗai hoton da za a taɓa yi masa." Na yi tsaki na koma inuwa. Da la'asar na dawo karɓar hotuna na tarar ya ɗora shayi, ya miƙo mini kofi kamar ba abin da ya faru, na zauna. Zaman da na yi ta yi ke nan a kan bencin nan, ƙarƙashin itacen bedi, har na aje aiki, har furfura ta kama mu tare.

A kan bencin nan na sha jin laifin garina. Ya ce mutum zai zo ɗaukar hoton minti biyu ya yi gaisuwar minti goma, ya tambayi gida da gajiya da rana da dabbobin da bai san ko kana da su ba. Ya ce ba mu iya cewa a'a ba, sai mu ce in Allah ya yarda, mu bar mutum yana jira har ya gane da kansa. Ya ce rairayinmu ya cinye masa akwatin hoto uku. Kifi kuwa, in aka kawo banda daga gabas, sai ya saya ya shinshina ya girgiza kai, ya ce wannan gawayi ne da ya taɓa zama kifi. Duk da haka shi ke fara zuwa wurin mai bandar.

Ina jurewa, ina jurewa, sai ranar da abin ya ishe ni in ce, "To ka koma mana. Wa ya ɗaure ka a nan?"

Sai ya yi dariya har da buga cinya. Wata rana dai ya ba ni amsa. Ya ce, "Ka san abin da ya riƙe ni? Tun da na zo garin nan ba wanda ya taɓa tambayata yaushe zan tafi, sai kai." Ya ce ya zauna a birane biyu kafin Gure, ko'ina sai an tuna masa shi baƙo ne kafin rana ta faɗi. A nan kuwa satinsa na farko zazzaɓi ya kwantar da shi, matan unguwa da ba su jin ko kalma ɗaya ta bakinsa suka riƙa aiko kunu da fura har ya miƙe, bai ma san daga wane gida kwanonin ke fitowa ba.

Gida ba ya zuwa sai an jima. Tafiyar kwana uku ce in hanya ta yi kyau: Damagaram, Maraɗi, Doso, Gaya, a haye kogi, a ratsa wata ƙasa kafin a kai tasu. In ya dawo kuma sai mitar ta juya. Ya ce can iska jiƙe take kamar an rufa maka bargon da bai bushe ba, mutane na magana kamar suna faɗa, kuma yaran gidansu na yi masa dariya don yana tsayawa dogon gaisuwa yana dafa ƙirji. Can suna ce masa Bahaushe, nan ana ce masa ɗan Togo. Ya ce a cikin mota kaɗai ba wanda ke gaya masa ko shi ɗan ina ne, shi ya sa yake son kujerar taga.

Ya musulunta tun kafin ya yi aure, ba wanda ya tilasta shi. Ya auri wata Bamanga ƴar garin Bune, mace mai shiru, suka yi shekara ashirin Allah bai ba su haihuwa ba. Ya koyi cin tuwo da miyar kuka, yana zuwa wurin wanzami duk Juma'a a yi masa ƙwal kamar mu, yana riga ni shiga sahu. Abu ɗaya ne na al'adarmu bai taɓa kwanta masa a rai ba, shi ne saurin da muke yi da gawa. Yakan ce, "Da safe na ɗauki mutum hoto, kafin hoton ya bushe an ce mini an kai shi." Ina gaya masa gata ne, mamaci ba abin da yake so kamar makwancinsa. Sai ya ci gaba da fifita gawayin shayi.

Ranar da matarsa ta rasu, da hantsi ta cika, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ya zauna kan tabarma ana ta yi masa gaisuwa yana amsawa daidai yadda ake amsawa. Da mutane suka ragu ya matso kusa da ni ya ce, "Mushe, ban gama kallonta ba." Na riƙe masa hannu kawai.

Bayan an yi sadakar arba'in ya kira ni cikin shago, ba kan benci ba, ya ja labule. Ya ce yana da roƙo. A garinsu, in mutum ya mutu a nesa aka binne shi can, ana yanke farcensa da ɗan gashin kansa a ƙunshe a kai gida. Wannan ƙunshin shi ake sa wa a ƙaramin akwati, a yi masa duk abin da ake yi wa gawa, a binne shi cikin gidan ubansa. In ba a kai ba, a wurinsu mutumin bai iso gida ba, yana nan a kan hanya, kuma ƴan'uwansa ba za su sauke makoki ba. Ya ce yayarsa ce kaɗai ta rage masa, kuma ta keɓe masa wuri kusa da kabarin uwarsu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Shekara nawa kana sahu da mu, ashe har yanzu da sauran wannan a ranka?"

Ya ce, "Ban ce ka hana a yi mini salla ba. Jikina naku ne, ku wanke ku kai da sauri yadda kuka saba, na yarda. Farce kaɗai nake roƙo, da gashi kaɗan. Ko ni ban san me na yi imani da shi a kan abin ba. Amma yayata ta yi imani, kuma ita za ta rage tana jira."

Ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko sabuwar reza cikin takardarta, da farin hankici, da hotonsa guda da ni na ɗauke shi da akwatinsa wata rana muna wasa. A bayan hoton ya rubuta lambar wayar yayar. Ya ce, "Kai za ka yi mini wanka, na sani. Ba wanda zan iya gaya wa wannan sai kai." Na sa hannuna cikin nasa na ce na ɗauka. Na faɗa da gaske, kuma a ranar na ɗauka abu ne mai sauƙi.

Shekara shida kayan nan suna cikin akwatin takarduna. Sai wata bazara ciwon ƙirji ya kama shi, ya yi kwana goma a gidan likita, rana ta goma sha ɗaya da safe ya cika ina zaune a gefensa. Na je gida na ɗauko rezar da hankicin na sa a aljihun gaba kafin in gaya wa kowa.

A tsakar gidansa aka yi wankan, bayan zana. Mu uku ne: limamin unguwarmu, da wani maƙwabcinsa da ke zuba ruwa, da ni. Limamin dattijo ne mai taushin hali, shi ya yi wa ƴaƴana suna duka, kuma yana son Mai hoto. Ni na riƙe hannun dama ina wanke tsakanin yatsu. Kwanakin jinya sun sa farcen ya fito, gashin kansa ma ya tofo fari fat. Rezar tana aljihuna ina jin ta a ƙirji. Na shirya maganar tun a hanya: Allah gafarta Malam, marigayi ya bar wasiyya. Kalma shida ce ko bakwai.

Ina cikin haɗa ta a baki, sai wasu ƴan silin gashi suka manne a tsumman da liman ke goge kan da shi. Ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ya ajiye a kan likkafani, ya ce da maƙwabcin cikin sanyin murya, yadda malami ke koyarwa ko'ina ya samu kansa, "Ba a rage wa mamaci komai. Abin da ya faɗo ma a mayar masa, ya tafi da abinsa cikakke."

Na haɗiye maganar. Na ce a raina in na yi magana yanzu, za a ce ashe musuluncin mutumin nan na baki ne, za a fita da zancen, masu salla su ragu. Na ce ina kare sunansa ne. Shekaru na yi ina gaya wa kaina haka. Gaskiyar ita ce sunana na kare. Na ji tsoron a ce tsohon mushen lakwal, mai furfura, an gan shi yana yanke farcen gawa yana ƙunshewa, kuma kowa a garin nan ya san abin da ake zargin mai tara farcen mutane da shi. Na ajiye hannun a hankali na ɗauki na hagu. Aka gama, aka naɗe, aka ɗaure.

Jama'ar da ta yi masa salla ban taɓa ganin irinta ga baƙo ba. Har daga Kelle da Gidigir waɗanda suka shigo gari da safe suka tsaya, don kusan ba gidan da ba hoton da ya ɗauka a bango ko a cikin katin wani. Kafin azahar mun dawo. Mutane suna ta cewa ya yi kyakkyawan ƙarshe, ni kuwa rezar na nan cikin takardarta.

Da la'asar na kira lambar da ke bayan hoton. Da Faransanci muka yi magana, nata kaɗan ne amma ya isa. Ta yi kuka mai tsawo ina riƙe da salula. Da ta natsu abu ɗaya ta tambaya: "Mushe, ka ɗauka?" Ashe ya gaya mata tun tuni cewa ya damƙa abin a hannun amininsa. Na ji bakina ya ce, "E, na ɗauka." Ta ce Allah ya yi mini albarka, tana nan tafe da kanta.

Kwana tara ta yi kafin ta iso, kuma a kwana taran nan na birkice ɗakinsa. Na duba ƙarƙashin katifa, na zazzage aljihunan riguna, na share shagon da hannuna ina tankaɗe sharar kamar mai neman allura. Ba mataji, don mai aski duk Juma'a ba ya ajiye mataji. Farce kuwa ko ɗaya. Mu muka koya masa in ya yanke ya tona rairayi ya binne kada ya faɗa hannun wani, kuma ya koya da kyau. Na je wurin wanzaminsa na tsaya muka gaisa, na kasa tambaya, na wuce.

Ta sauka daga motar Damagaram da baƙin zane da ƙafafu a kumbure, tsohuwa ƙarama mai irin goshinsa sak. Ta riƙo galan na manja ta ce tsarabar matata ce. A gidana ta sauka. Na yi niyyar gaya mata gaskiya a ranar, na ce bari ta huta. Washegari ta ce in kai ta ta ga inda yake. Mata ba su cika shiga maƙabartarmu ba, amma na kai ta da hantsi lokacin da ba kowa. Iska ta riga ta fara baje tudun, sai ƙayar da muka ɗora da wani fasasshen tulu. Sai da na yi ɗan dube-dube kafin na tabbata shi ne.

Ta ce, "Ina sunansa?"

Na ce, "Yaya, mu ba mu rubuta suna."

Ta daɗe tana kallon wurin, ga rairayi har iyakar gani, ba inuwa ko ɗaya. Sannan ta share ido da bakin zane ta ce ba komai, ai ba a nan zai zauna ba, gobe za su tafi gida tare. Maganar da na zo da ita ta koma ciki, kuma daga nan ban sake neman fito da ita ba.

Da muka dawo na zaga bayan gida wajen turken awaki. Na buɗe rezar da ya ba ni. Tun rasuwarsa ban yi aski ba, kaina ya tofo, kuma furfurarmu iri ɗaya ce. Na kankare kaɗan daga ƙeya inda hula ke rufewa. Na yanke farcena goma, na tara a farin hankicin, na ƙulle. Garin haka har na yanki ɗan yatsa. Ni da tun ina yaro ban taɓa barin farcena a fili ba, yau ga shi na ƙunshe da kaina zan ba wa wadda za ta kai shi ƙasar da ban taɓa gani ba. Na yi istigfari, ban ma san wanne daga cikin laifuffukan nake nema wa gafara ba.

Da matata ta kawo mini abincin rana ta tsaya tana kallon hannuna a bakin kwano. Ta ce, "Malam, yau ai ba Juma'a ba ce." Na ce na sani. Ta dube ni, ta dubi ɗakin da baƙuwar take, ta ɗauki butarta ta fita. Har yau ba ta sake ta da zancen ba.

Da safe kafin mu tafi tasha na miƙa wa tsohuwar ƙunshin. Na yi fatan ba za ta buɗe ba. Ta zauna a kan tabarma ta kwance ƙullin a kan cinyarta, ta sa yatsa tana juya su a hankali. Ni ina tsaye ina jiran ta ɗago ta ce wannan ba na ƙanenta ba ne, kuma wallahi da ta faɗa da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Dubi yadda suka yi faɗi. Da ya tsufa hannunsa ya koma irin na babanmu." Ta ƙulle, ta cusa cikin zane a ƙirjinta, ta durƙusa a gabana za ta yi godiya. Na kama ta na tayar, na ce don Allah ta bari.

Bayan wata biyu hotuna suka shigo salulata. Rumfuna a tsakar wani gida mai itatuwan kwakwa, mutane cike da kaya iri ɗaya, masu ganguna, da hotonsa da na ɗauka, ashe ya taɓa aika mata irinsa, an buga shi babba an jingina a kan kujera. Ga ɗan akwati fari, bai fi akwatin rediyo ba, maza huɗu sun ɗauko shi a kafaɗa kamar mai nauyi. Hoto na ƙarshe rami ne kusa da wani kabarin siminti, na san na uwarsu ne. Na zauna a kan bencin shagonsa, wanda yanzu mai cajin salula ya kama, na kalle su ɗaya bayan ɗaya. Na yi kuka a bakin titi, mutane suka ɗauka kewar aboki ce kawai.

Shekara huɗu ke nan. Nakan je maƙabarta in tsaya wajen da nake zaton nan ne, don ƙayar ta tafi, tulun ma rairayi ya rufe shi. Ina yi masa addu'a irin tamu, kuma na san a addinina ba abin da ya rage shi. Amma ba abin da ya roƙe ni ke nan ba. Mutumin ya ba mu shekara talatin, ya ba mu jikinsa, ya ce a bar masa abin da ake yankewa a zubar, ni kuma na hana shi don kada a yi da ni a gari.

Yayar tana kirana duk shekara in ranar ta zagayo, kuma yanzu ƙanena take ce mini. Sau da yawa na ɗauko hoton na juya bayansa da niyyar in kira ta in faɗa, sai in tuna ta sauke baƙin zanenta, in mayar da shi cikin akwati. A kiran bana muryarta ta yi rauni sosai. Ta ce ita ma ta kusa, an keɓe mata wuri a ɗaya gefen, za ta kwanta kusa da shi. Ta ce tun ranar da aka binne ƙunshin ba ta sake mafarkinsa yana tafiya a hanya ba, ya iso, ya huta, kuma ni na kawo shi.

Na ce mata alhamdu lillahi.